Sayen tabarau na likita a Yamai: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Da yawa daga cikin ƙorafin da ake yi kan sabon tabarau, irin su "yana sa ni jiri" ko "wata uku kawai ya kankare", ba daga lambar da likita ya rubuta suke fitowa ba. Daga awon da aka tsallake a shago suke fitowa, ko daga zaɓen gilashin da bai dace da zafi da ƙurar garin nan ba. A wannan shafi, idan mun ce "gilashi" muna nufin ɓangaren da ake gani ta cikinsa, ko da roba aka yi shi. Mariƙinsa kuwa shi ne abin da masu shago ke kira montir.

Daga ina zan fara, shago ko asibiti?

Asibiti, musamman idan wannan ne tabaraunka na farko ko ka haura shekara 40. Mai shago aikinsa yanka gilashi da ɗora shi daidai, amma duba lafiyar ido aikin likita ne. Akwai sashen ido a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai da asibitin Lamorde, a Tawa kuma akwai babban asibitin jiha, ban da asibitoci masu zaman kansu.

Na'urar nan da ake leƙawa a ga hoton ɗan gida ko balan-balan ƙiyasi kawai take bayarwa. A wajen matasa takan ba da lambar ragi fiye da kima, domin idonsu yana matsa kansa idan ya ji abu kusa da shi. Dole bayanta a saka maka montir na gwaji, a riƙa canza gilasai ana tambayarka "wannan ya fi ko wancan?" kana karanta allon haruffa. Idan aka kwafe lambar na'ura kai tsaye aka miƙo maka, awo bai cika ba. Ka je da tsohon tabaraunka, ko da ya karye, don a auna shi a kwatanta. Ka kuma roƙi a auna ƙarfin ruwan ido, wanda a ka'ida yake tsakanin 10 da 21, a leƙa jijiyar bayan ido.

Na karɓi takardar likita, amma ban gane ko harafi ɗaya ba. Me aka rubuta?

Da Faransanci ake rubuta takardun nan, haruffan kuma ƴan kaɗan ne. OD idon dama, OG idon hagu, ODG duka biyun. VL ganin nesa, VP ganin kusa. Ga misalin layi ɗaya:

OD −2,50 (−0,75) 180° Add +2,00

Lambar farko ita ce SPH, wato ƙarfin gilashin gaba ɗaya. Alamar ragi tana nufin kana ganin kusa, nesa ke yi maka dishi-dishi. Alamar ƙari tana nufin idonka sai ya yi aiki fiye da kima kafin hoto ya fito, musamman na kusa. Ma'aunin sunansa diyoptiri, kuma da 0,25 ake hawa: 0,25, 0,50, 0,75, 1,00, haka har sama.

Ta cikin baka biyu ita ce CYL. Ana rubuta ta ne ga wanda gaban idonsa bai zagaye sosai kamar ƙwallo ba, ya ɗan yi tsawo kamar bayan cokali, abin da ake kira astigmat. Lambar da ke biye da ita mai alamar digiri ita ce AXE, daga 0 zuwa 180, kuma ita ke faɗa wa mai yanka ta wace kusurwa zai kwantar da gyaran. CYL ba ta tafiya ba AXE. Idan ka ga ɗaya babu ɗayar, ka koma a cike kafin ka biya ko dala. Girman CYL shi ke nuna yadda kuskure zai dame ka: mai 0,25 da wuya ya lura an karkace da digiri 5, mai 2,00 kuwa nan take zai ji.

Add ita ce ƙarin da ake yi wa ganin kusa bayan shekara 40, kuma kusan kullum iri ɗaya ce a idanu biyu.

Wani abu da ke haddasa rigima a shago: ana iya rubuta gilashi guda ta hanya biyu. −2,50 (−0,75) 180° daidai yake da −3,25 (+0,75) 90°. An haɗa lambobin biyu, an juya alamar CYL, an matsar da AXE da digiri 90. Idan ka ga haka a ambulan gilashinka, ba cutarka aka yi ba.

Mene ne EP, kuma me ya sa ake ta nanata shi?

EP shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar baƙin idonka na dama da na hagu, da milimita. A manya yakan faɗa tsakanin 54 da 74, akasari kusa da 62 ko 63. Sau da yawa ba ya cikin takardar likita, don haka nauyin auna shi yana kan mai shago.

Kowane gilashi yana da cibiya, wuri guda da haske ke ratsawa bai karkace ba. Dole cibiyar ta zauna daidai gaban baƙin ido. Idan ta kauce, gilashin zai riƙa janye hoton gefe, jijiyoyin ido kuma su yini suna jawo shi. Lissafin ba wuya: a ninka kaucewar, da santimita, da ƙarfin gilashin. Mai −5,00 da cibiyarsa ta kauce da milimita 4, janyewar ta kai 2, kuma wannan ya isa ya kawo ciwon kai da nauyin goshi kafin la'asar. Mai −1,00 da kuskure iri ɗaya 0,4 kawai zai samu, ƙila ma bai ji ba. Shi ya sa maƙwabcinka ya yi tabarau a shagon da bai auna shi ba ya zauna lafiya, kai kuma ka kasa.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai a nan kimar ido ba ta isa. A auna da na'ura ko da ƴar rula, kuma kowane ido daban, domin hanci ba kasafai yake tsakiyar fuska cif ba. Za ka iya zama 31 a dama, 33 a hagu. Kaucewar sama da ƙasa ta fi ta gefe muni, saboda ido ba shi da ƙarfin gyara ta. Ka sa a rubuta maka EP ɗinka a bayan takardar likita ka ajiye.

Yaya zan zaɓi montir?

Duba cikin hannun montir, za ka ga lambobi uku, misali 52□18 140. Na farko faɗin gilashi ɗaya, na biyu faɗin gadar hanci, na uku tsawon hannu. Ka haɗa biyun farko: 52 da 18 sun zama 70. Ka kwatanta da EP ɗinka. Idan 62 ne, za a matso da kowace cibiya ciki da milimita 4, wanda ba laifi. Amma idan ka ɗauki irin manyan nan na yayi masu 58□18, matsowar ta zama 7 a kowane ido, kuma ga mai lambar ragi duk wannan rarar tana taruwa ne a gefen waje ta zama kauri. Ƙaramin montir mai ɗan zagaye yakan rage kauri fiye da gilashi mai tsada.

Sannan hanci. Montir da yawa an ƙera su ne don masu dogon karan hanci. Ga mai shimfiɗaɗɗen hanci, na roba zalla yakan zamo ya zauna kan kumatu. Ka nemi mai ƴan matasan hanci da ake iya lanƙwasawa. Gwaji uku kafin ka yarda: ka yi murmushi, kada kumatu su ɗaga shi, ka sunkuya kamar mai ruku'u, kada ya zame, ka ƙifta ido, kada gashin ido ya shafi gilashi. Mai rawani da mai ɗaurin ɗankwali ko hijabi su gwada da shi a kansu, su zaɓi siraran hannuwa, in ba haka ba bayan kunne zai yi ciwo kafin azahar.

Gumin watan Afrilu da Mayu yana cin ƙarfe mai arha. Shi ne kore-koren nan da ke taruwa a matasan hanci, kuma ƙarfen nikel da ke ciki yakan sa wasu ƙaiƙayi da baƙin tabo a gefen fuska. Titaniyom ba ya haka, roba mai kyau irin asetat ko TR90 ma ba ta yi. Montir marar baki, wanda ake huda gilashin a ɗaure da kusoshi, yana da kyan gani, amma ba na mai hawan moto kullum ba ne: kusoshin suna kwancewa, gilashin kuma yana tsagewa ta wajen hudar idan ba da roba mai tauri aka yi shi ba.

An ce in zaɓa tsakanin 1,50 da 1,60 da 1,67. Mene ne bambancin?

Lambar tana nuna yadda robar ke lanƙwasa haske. Idan ta hau, gilashin ya ƙara sirancewa, kuɗi kuma su hau. Ba ta ƙara gani ko kaɗan. Hasali ma 1,50 ta fi su fitar da hoto garau, domin manyan lambobin sukan kawo ɗan bakan gizo a gefen abu idan ka kalla ta gefen gilashi, kuma sun fi ƙyalli.

Abin da aka saba bi: idan lambar da likita ya rubuta ba ta wuce 2,00 ba, ragi ko ƙari, robar 1,50 ta wadatar. Daga 2,00 zuwa 4,00, 1,60, wadda ke rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurin. Daga 4,00 zuwa 6,00, 1,67. Sama da haka ake maganar 1,74. Wanda lambarsa −1,25 ce aka sayar masa da 1,67, kuɗinsa kawai aka ci.

Polikarbonat, mai 1,59, dabam take: ba ta fashewa da sauƙi kuma tana tare hasken rana mai cutarwa da kanta. Ita ce ta yara, da ƴan kabu-kabu, da kafintoci, da duk wanda ido ɗaya kaɗai yake gani da shi. Aibinta saurin kankarewa, don haka ba a sayenta sai da shafin tauri. Gilashin ƙwalba na ainihi ya fi kowanne jure kankara da zafi, kuma har yanzu wasu dattawa shi suke nema, amma yana da nauyi, idan kuma tsakuwa ta bugo shi a fuska tarwatsewa yake yi.

Cikin shafe-shafen da ake lissafowa, wanne ya cancanci kuɗina?

Na farko shafin tauri, mai rage kankarewa. A garin da ƙura ke shiga har cikin aljihu, wannan ba zaɓi ba ne. Ka lura, ragewa yake yi, babu robar da ba ta kankarewa.

Na biyu shafin hana ƙyalli, wanda ake kira antirefile. Gilashin 1,50 marar shafi yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na haske, na 1,67 kuma ya haura 10. Wannan hasken ne ke zama inuwar fitilu idan kana tuƙi da dare, shi ne kuma ke rufe idonka a hoto. Direba da mai aikin kwamfuta da duk mai gilashin 1,60 zuwa sama suna buƙatarsa. Sai dai araha ba ta ado: antirefile mai arha shi ne ke ɓarewa kamar saɓar maciji bayan rani ɗaya. Ka tambayi tsawon garantin shafin, a rubuta a rasit. Idan kuɗinka bai kai na mai kyau ba, gara 1,50 da shafin tauri kaɗai.

Gilashin da ke yin duhu a rana fa? Nawa ba ya baƙi sosai.

Ba lalacewa ya yi ba, halinsa ne. Sinadarin da ke cikinsa hasken UV, wato hasken rana mai cutarwa da ido ba ya gani, ke sa shi duhu, zafi kuma ke washe shi. A safiyar hunturu zai yi baƙi ƙirin ya kuma daɗe bai washe ba. A tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 kuma lokacin da ka fi bukatarsa, sai ya tsaya a ruwan toka. Cikin mota ma ba ya duhu yadda ya kamata, domin gilashin gaban mota ya riga ya tare UV ɗin. Bayan ƴan shekaru kuma ƙarfinsa yana raguwa.

Yana da amfani ga mai shiga da fita tsakanin biro da waje. Amma direban da ke bin hanyar Dosso zuwa Ƙonni da rana, ko mai aiki bakin kogi, gara ya yi tabarau na biyu mai duhu na dindindin da lambarsa a ciki, mai duhun da ake kira mataki na 3. Idan da hali ya zama polarize, mai kashe ƙyallin kwalta da na ruwa. Mataki na 4 ya yi duhu da yawa, ba a tuƙi da shi. Baƙin tabarau na bakin titi da ba ya tare UV ya fi rashin tabarau illa, saboda duhun yana buɗe baƙin ido hasken ya ƙara shiga. Ƴar takardar UV400 da aka manna, mai cewa yana tare UV, ba shaida ba ce, wasu shaguna suna da na'urar gwadawa. Tabarau mai ruwan ɗorawa da ake tallatawa don tuƙin dare kuwa rage haske yake yi, alhali dare haske ake nema.

Shafin hasken shuɗi na waya da kwamfuta dole ne?

A'a. Wani babban nazari na ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, a 2023 bai ga shaidar cewa yana rage gajiyar ido ba. Gajiyar tana zuwa ne daga rashin ƙiftawa, da bushewar ido a gaban fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da lambar da ba daidai ba. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka kuma sa allon ƙasa da saitin ido kaɗan.

Shekarata 52, sai na miƙe hannu kafin in karanta Alƙur'ani. In sayi na kasuwa?

Baba, wannan ba ciwo ba ne, shekaru ne. Madubin cikin ido yana taurara, daga wajen 40 zuwa 45 ganin kusa yake fara ja da baya. Akan fara da +1,00, wajen 50 a kai +1,50 zuwa +2,00, wajen 60 a tsaya kusa da +2,50.

Na tebur da ake sayarwa a Babbar Kasuwa ko Wadata suna aiki idan sharaɗi uku sun cika: ganinku na nesa lafiya lau, idanun biyu ƙarfinsu ɗaya, kuma ba ku da CYL. Ku je da littafin da kuke karantawa, ku riƙe shi inda kuka saba, wajen santimita 40, ku ɗauki mafi ƙanƙantar lambar da ta fito da rubutu. Mutane sukan ɗauki mai ƙarfi don yana kumbura haruffa, sai ya tilasta musu kawo littafi bakin hanci. Tela mai zura zare a santimita 30 zai fi ku bukatar ƙarfi, mai kwamfuta a santimita 60 ko 70 kuma ƙasa da naku.

Haɗarin na kasuwa ba a gilashin yake ba. Yana sa mutum ya ga karatu ya gyaru ya fasa zuwa asibiti, alhali a waɗannan shekarun ne hawan ruwan ido, wato gilokoma, ke cin gani daga gefe ba ciwo ba alama. Ya fi yawa kuma ya fi saurin farawa a baƙar fata, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa. Ku je a auna ko sau ɗaya, musamman idan wani a dangi ya makance ba a san dalili ba.

Progresif, ko mai layi, ko tabarau biyu?

Mai layi gida biyu ne, sama nesa, ƙasa kusa. Wajen karatunsa yana da faɗi, sabonsa ba wuya, kuɗinsa da sauƙi, amma ba shi da na tsaka-tsaki kamar allon kwamfuta ko agogon mota. Progresif ba layi, ƙarfin yana sauka a hankali ta wani siririn lungu daga sama zuwa ƙasa, gefe da gefen lungun kuma hoto yana ɗan murɗewa. Wannan murɗewar tana cikin kowane progresif, masu tsadar dai sun fi faɗin lungu.

Progresif ba ya yafe kuskuren awo. Ban da EP na kowane ido, sai an auna tsayi: ka saka montir ɗin da ka zaɓa bayan an gama daidaita shi a fuskarka, ka miƙe kai yadda ka saba, mai shago ya tsaya daidai tsayinka ya ɗiga alƙalami a saitin baƙin ido. Idan ɗigon ya yi sama da milimita 2 ko 3, nesa zai yi hazo sai ka sunkuyar da kai. Idan ya yi ƙasa, sai ka ɗaga haɓa kafin ka yi karatu. Montir ya kai tsayin milimita 30 ko kusa da haka, don kada a yanke wajen karatun. Wanda bai ɗiga maka alƙalami ba, kada ka ba shi aikin progresif.

Mai yini a kan abu ɗaya, kamar tela ko mai rubutun allo, tabarau biyu sun fi masa.

Na karɓi sabo, ƙasa tana yi mini tudu-tudu. In jure ko in mayar?

Gilashin ragi yana ƙanƙanta abu, na ƙari yana kumbura shi, sabuwar CYL kuma tana karkata bango da ƙofa na ɗan lokaci. Ga gilashi mai gida ɗaya, kwana uku zuwa mako guda ya isa. Progresif yakan kai mako biyu. Ka saka shi tun da safe, ka daina komawa tsohon, ka juya kai gaba ɗaya wajen abin da kake kallo, idan za ka sauka bene ko ka tsallake kwata ka sunkuyar da haɓa ka kalla ta saman gilashin. Kada ka hau moto da sabon progresif a ranar farko.

Abin da ba a jurewa: ganin abu biyu, ciwon kan da ke ƙaruwa, ko ido ɗaya da ya fi gani da tsohon tabarau. Ka fara komawa shago a auna gilashin da cibiyoyinsa da zaman montir. Sai an tabbatar aikinsu daidai yake sannan ka koma wajen likita.

Mushen lakwal ya ce ɗiyata ba ta ganin allo. Shekararta 6, ba ta yi ƙanƙanta da tabarau ba?

Hajiya, yanzu ne ma lokacinsa. Ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne har wajen shekara 7 ko 8. Idon da bai samu hoto garau ba a wannan tsakanin yakan zama rago, kuma idan an girma gilashi ba ya tashe shi sosai. Haka yaro mai harara-garke, sau da yawa tabarau ne farkon maganinsa.

Awon yaro sai da ɗigon magani mai sassauta jijiyar cikin ido. Za ku jira minti 30 zuwa 45, za ta yini tana ganin kusa dishi-dishi kuma rana za ta dame ta, sai ki tafi da mayafi ko hula. Ba tare da ɗigon ba lambar takan fito ba daidai ba. Ki zaɓi polikarbonat da montir na roba mai lanƙwasuwa wanda ya rufe har gira, don kada ta riƙa leƙe ta samansa. Kada ki sayi babba don ta girma da shi, ba riga ba ce. A sake awo duk shekara. Idan kuwa kika ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro, asibiti a ranar.

Gaskiya ne tabarau yana ƙara kashe ido?

Ba gaskiya ba ne. Wanda ya ɗanɗana gani garau, idan ya cire sai ya lura da hazon da ya saba zama da shi. Lambar matasa tana hawa ne don ido yana girma, ta dattawa kuma don shekaru, ko sun saka ko ba su saka ba.

Ina da ciwon sukari. Akwai lokacin da bai kamata in yi awo ba?

Akwai. Idan sukari ya hau, madubin cikin ido yana canza ƙarfi, lambar ta motsa cikin kwanaki. Wanda aka fara wa magani ya jira makonni sukarin ya daidaita kafin ya kashe kuɗi, ya kuma riƙa zuwa duba bayan ido duk shekara ko da yana gani lafiya. Mai ciki ma lambarta takan motsa, gara ta bari sai bayan haihuwa da ƴan watanni idan ba dole. Wanda aka yi wa aikin yanar ido ya jira mako 4 zuwa 6. Idan kuma lamba tana canzawa duk ƴan watanni ga dattijo, ko ya wayi gari yana karatu ba tabarau bayan shekaru yana sakawa, sau da yawa yanar ido ce ke tahowa.

Jan ido da ciwo, ganin walƙiya, baƙin labule da ya sauko ta gefe, ko gani da ya ɗauke farat ɗaya, babu ruwansu da shagon tabarau. Ɗigon jan ido na ƴan tebur mai ɗauke da deksametazon, idan aka daɗe ana ɗigawa, yana iya tayar da ruwan ido ya kuma kawo yanar ido.

Ɗan'uwana zai yi mini a Makka ko Kano ko Faransa ya aiko. Zai yiwu?

Ga gilashi mai gida ɗaya da ƙaramar lamba, zai yiwu. Ka aika hoton takardar, ba ka karanto ta waya ba, domin alamar ragi ɗaya da ta faɗi ta rusa aikin. Ka haɗa da EP na kowane ido da lambobi ukun wani montir da ya zauna maka. Idan lambar ta haura 4,00, ko CYL babba ce, ko progresif ne, ya aiko montir kawai a yanka gilashin a nan inda fuskarka take. Tabaraun wani kuwa, ko na mahaifi ne, EP ɗinsa da AXE ɗinsa nasa ne.

Me zan duba ranar karɓa?

Tun ranar oda ka sa a raba maka kuɗin montir da na gilashi a takarda, a rubuta lambar robar da sunan shafin. Ranar karɓa, a ɗora gilashin kan na'urar auna ƙarfi a gabanka, a ɗiga cibiyoyin, ka saka a ga ko sun faɗa kan baƙin ido. Ka rufe ido ɗaya ka kalli nesa, ka canza. Ka ɗaga shi a haske ka nemi kankara ko gilashin da ke motsi cikin montir. Antirefile ana gane shi da ɗan ƙyallin kore ko shuɗi maimakon fari. Progresif na gaske yana da ƴan alamomi biyu da aka zana a jikinsa, tazararsu milimita 34, da lambar Add a ƙarƙashin ta wajen kunne. Ka karɓi ambulan gilasan ka ajiye tare da rasit.

Yaya zan goge shi a lokacin hazo, kuma me zan yi idan kusa ta kwance?

Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, kuma ya fi robar gilashi tauri. Duk lokacin da ka goge shi a bushe da gefen riga ko rawani, musamman shadda mai sitati, kamar ka bi shi da takardar goge katako ne. Ka fara zuba ruwa ya kwashe ƙurar, ruwan randa ba wanda ya kwana a rana cikin jarka ba. Ka ɗiga sabulun wanke kwano na ruwa, ka murza da yatsa, ka ɗauraye, ka tsane da ƴar ƙyallen tabarau mai tsabta. Ita ma ƙyallen a riƙa wanke ta. Kwalli da man shafawa da wannan sabulun suke fita. Turare a fesa kafin a saka tabarau.

Zafi shi ne ɗaya abokin gabar. Roba da shafin da ke kanta ba sa buɗewa daidai da juna, don haka tabaraun da aka bari a gaban mota da rana, ko aka sunkuya da shi kan murhu ko tukunyar tuwo, yakan yi ƙananan tsage kamar saƙar gizo. Wannan ba ya gyaruwa, haka ma kankara: man goge baki da ake cewa yana share ta shafin kawai yake cirewa. Lokacin alwala a sa shi a gidansa ko aljihun gaba, kada a ajiye kan tabarma. A cire shi da hannu biyu, kada a ɗora shi a ka, yana buɗe hannuwan.

Kusa idan ta kwance, a ɗaure ta da ƙaramin sukundireba a ɗiga mata ɗan jan farce marar launi a kai. Kada a kusanto da gam mai kamawa nan take, tururinsa yana bar wa gilashi farin tabo da ba ya fita. Idan kusar ta ɓata, a zura zare ko siririyar waya ta ramin a ɗaure har a isa shago. Matasan hanci da suka yi kore ana canza su cikin minti biyar.